Gawayi da Duro: Yadda Wuta Ɗaya Za Ta Kai Mu Asuba

(Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, mai sana'ar kifi banda a kasuwa, ta gabatar ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya. Mun buga shi yadda ta rubuto.)

 

Kwamiti ya ce in yi magana a kan sana'ata, kuma kada in wuce lokaci. To sai na zaɓi abu ɗaya tak: gawayi. Yawancinmu nan muna taɓa shi, mai banda, mai ƙosai, mai gasa masara, mai abincin sayarwa. Amma mu masu kyafa kifi a duro mun fi kowa jin jiki, don wutarmu ba ta awa ɗaya ba ce. Takan kama tun la'asar, ta kwana, wani lokaci har hantsi.

Kifin da muke sarowa, tarwaɗa ce ko karfasa ko kurungu, kuɗinsa ba a hannunmu yake ba, masunta da masu kududdufi ke yanka shi. Farashin da za mu sayar kuma kasuwa ce ke yanka shi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da ke tsakani, wato wuta. Nan riba take shiga, nan kuma take zurarewa. Abin da nake so kowa ta tafi gida da shi yau shi ne wannan: iska ita ce ke cin gawayi. Wadda ta iya da iska ta iya da wuta, wadda ta iya da wuta kuma buhunta zai daɗe.

Me ya sa aikin ke da tsawo?

Ɗanyen kifi kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne. Shi ya sa za ki ɗora kilo 3 ko 4 a raga, ki sauke wajen kilo 1. Banda kuma iri biyu ce. Akwai ta sha-yanzu, awa 2 ko ƙasa da haka, kifi ya dahu ya yi laushi, amma ba ya wuce kwana 1 zuwa 3. Akwai kuma ta ajiya, wadda ke cin awa 10 zuwa 18, har kifi ya bushe ƙayau, ya iya yin watanni in an adana shi da kyau. Irin wannan ne ake lodawa a kwali daga Baga da Yawuri da Nguru har kasuwannin Kudu. Fitar da ruwa daga tsakiyar naman kifi ba ya son gaggawa. In kika tsananta wuta, baya ya ƙone ya yi tauri, ya toshe wa ruwan ciki hanya. A ido ya yi kyau, bayan kwana huɗu a fasa shi a tarar da fumfuna da tsutsa. Mai saye ba za ta yi miki faɗa ba, sai dai ki ga ta daina tsayawa a teburinki.

Zaɓen gawayi

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wutar da za ta kwana, tun wurin mai gawayi ake gane ta. Kada ki saya da ido kawai, ɗaga buhun. Gawayin kirki yana da nauyi, in kika buga biyu da juna za ki ji ƙara ƙyal-ƙyal kamar ƙarfe, in kika karya shi cikinsa baƙi ne wuluk mai ƙyalli. Irin wannan daga itace mai tauri yake fitowa, kamar ƙirya da marke. Ba a banza maƙera ke neman gawayin ƙirya ba. Mara nauyi kuwa, wanda ke murƙushewa a hannu, saurin kamawa gare shi da saurin zama toka. Ya yi daidai da dafa shayi, bai dace da kwana ba.

Amma fa nauyi ma yana da yaudara. Jiƙaƙƙen gawayi nauyi gare shi. Zura hannu tsakiyar buhu, in kin ji sanyi da danshi, ajiye musu kayansu. Akwai kuma wanda bai gama ƙonewa a rami ba, za ki ga cikinsa ja-ja kamar itace. Shi ne ke turnuƙe duro da hayaƙi mai ɗaci. Sannan ki sa a juye miki buhu a gabanki in da hali, don mun san halin kasuwa: manya a baki, gari da tsakuwa a gindi. Araha ba ta ado.

Da kin kai gida, ki rairaye shi kashi uku: manya, matsakaita, da gari. Manya su ne na dare. Matsakaita na tayar da wuta. Garin kuma kada ki zubar, kuma kada ki bar shi ya shiga duro haka, don shi ke toshe hanyar iska. Dama ɗan kokon rogo, ki kwaɓa garin da shi, ki cura kamar dawo, ki shanya kwana uku ko huɗu a rana. Curin nan yana ci a hankali, ya dace da ƙarshen aiki. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango da damina. Gawayi yana shan laima kamar soso.

Gyaran duro

Duron da muke aiki da shi mai cin lita 200 ne. Iyayen gida, wannan maganar har da ku, don ku kuke kai shi wurin mai walda. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani mai, kada a kusantar masa da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa, don tururin da ya rage a ciki yana fashewa. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko sinadarin da ba a san kansa ba, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Sabon duro kuma a fara hura masa wuta mai ƙarfi ba kifi a ciki, sai fentin ya ƙone ya kakkaɓe, a goge, sannan a fara aiki.

Abu uku nake so kowane duro ya samu. Na farko, ƙofar ƙasa mai murfi. Da yawa cikinmu an yanke mana ƙofa an bar ta hangame kamar bakin rijiya, iska na shiga yadda ta ga dama. Ko falankin kwano ne ki samu, ki tokare shi da dutse, ki riƙa ja kina turawa. Na biyu, kwandon ƙarfe ko tsohuwar raga da za a zuba gawayi a ciki, a ɗora kan duwatsu uku, ya tashi daga ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu, don toka ta samu wurin zuba, iska ta biyo ta ƙasa. Na uku, faranti tsakanin wuta da kifi, a zuba masa ɗan yashi. Tarwaɗar kududdufi mai gare ta. In man ya ɗiga kan garwashi sai wuta ta yi bal, gawayi ya cinye da sauri, baƙin hayaƙi ya shafe kifi. Farantin kada ya cika bakin duron, a bar fili ta kewaye don zafi ya hau. Tsakanin garwashi da ragar farko kuma a bar kamu guda.

Jerin gawayi da kunna shi

Nan ne zuciyar maganata, don Allah a saurara. Yadda muka saba shi ne a zuba gawayi, a kunna duka, a yi ta fifita har ya yi jawur, sannan a ɗora kifi. Wannan wutar awa biyu ta farko zafinta ya wuce kima, a ta uku ta fara mutuwa, sai a ƙara, sai a sake ƙarawa. Haka za ki kwana kina tashi, buhu yana ramewa.

Ga wata hanya. Ku tuna da maganin sauron nan mai naɗi da ake kunnawa. Ai bakinsa kawai ake sa wa ashana, wuta ta bi shi a hankali har gari ya waye. To haka za ki yi wa gawayi. Ajiye dutse ko tsohon gwangwani cike da yashi a tsakiyar kwando. Jera manyan gawayi kewaye da shi, a matse da juna, amma kada kan jeri ya haɗu da wutsiyarsa, bar giɓi kamar tafin hannu. Sai ki tayar da matsakaita cikin hannu biyu a kurfoti a waje, in sun yi ja sun fara farar toka, ki ɗauko da awartaki ki zuba a baki ɗaya kawai. Wuta za ta riƙa cin na kusa da ita, tana mirginawa. A kowane lokaci ɗan kaɗan ne ke ci, saura na jiran layi. Tunda zafi yana zagayawa, ke ma sai ki riƙa juya ragar kifi tana bin sa.

In kifin da yawa kuma kina son zafi ya fi haka, cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba, yi rami a tsakiya, zuba garwashin a ramin. Zai ci daga tsakiya zuwa gefe. Ya fi na naɗi zafi, bai kai shi daɗewa ba.

Wajen tayar da wuta, ba kananzir, ba leda, ba roba, ba guntun silifa. Kara da busasshiyar totuwar masara sun isa. Kifi yana ɗaukar wari fiye da yadda muke zato, kuma abin da ya shiga jikinsa cikin 'ya'yan mutane zai tafi.

Wuta uku a dare ɗaya

Bayan an wanke yauƙi da gishiri, an cire hanji, an tanƙwara tarwaɗa tun tana ɗanya an soke, a bar ta a raga ta tsane a inuwa, a rufe saboda ƙuda. Duk ɗigon ruwan da iska ta ɗauke miki kyauta, gawayinki ne kika tsira da shi.

Wutar farko ta tsanewa ce, mai sanyi-sanyi, kamar awa 1. Ƙofar ƙasa faɗin yatsa biyu, sama a buɗe rabi don tururi ya fita. A ƙarshen wannan lokacin ne ake sa ɗan abin hayaƙi, don gawayi zalla yana fitar da kifi fari-fari, masu saye kuma jan nan mai ƙyalli suke so. Guntun busasshen itace mai tauri ɗaya ko biyu, ko totuwa, ko busasshen ɓawon rake. Kaɗan dai, kamar yaji a miya.

Wuta ta biyu ta dahuwa ce, awa 2 zuwa 3. A buɗe ƙofa faɗin tafin hannu. Mai ma'aunin zafi za ta ga wajen digiri 80 ko sama kaɗan. Mu da ba mu da shi, hannu ne ma'auninmu: in kika miƙa shi saman raga, kina ƙirga huɗu ko biyar za ki janye. A nan ake juya kifi, a kuma sauya raga, ta ƙasa ta hau, ta sama ta sauko.

Wuta ta uku ta busarwa ce, ita ce doguwar, kuma ita ce ba ta son gawayi da yawa. A mayar da ƙofa faɗin yatsa ɗaya. Zafin ya zama wanda hannu zai jure har ki ƙirga goma sha. A rufe sama da buhun algarara ko kwano, amma a bar kafa. In kika toshe sama ruf, tururi zai taru ya koma ruwa ya ɗigo kan kifi, wuta kuma ta shaƙe. Ta ƙasa ake mulkin wuta, sama hanyar fita ce.

Kuma 'yar'uwa, rage leƙe. Duk buɗewar da kika yi, zafin da kika tara ya gudu, iska ta faɗa ciki, garwashi ya zabura. Hancinki da tafin hannunki a jikin duro za su gaya miki labari. Hayaƙi siriri mai shuɗi-shuɗi, lafiya lau. Fari mai kauri, akwai danshi ko wuta na shaƙewa. Baƙi, mai ne ya sami garwashi.

In zafi ya faɗi tsakar dare, kada ki yi saurin zuba gawayi. Sau da yawa toka ce ta lulluɓe garwashi. Ɗan bubbuga kwandon a hankali ta ƙofar ƙasa, toka ta zube, ki jira kaɗan ki gani. Kada ki tona da ƙarfi, tokar za ta tashi ta bulbule kifi. In lallai sai an ƙara, a tayar da shi a kurfoti tukuna a kawo shi da wutarsa. In kuma zafi ya yi yawa, tura ƙofa ki yi haƙuri, ba ya sauka nan take. Ruwa kam kada a watsa.

Kowane lokaci da halinsa. Da hunturu iska ce ke ɗibar gawayi, sai a juya ƙofar duro ta ba iska baya, ko a kafa zana nesa kaɗan. Ƙarfen duro siriri ne, sanyi na zuƙe masa zafi, shi ya sa wasu ke yaɓa masa laka ko su kewaye shi da tubali. Da damina kuma aikin yakan ƙara tsawo, kuma kifin da aka ajiye yana son a riƙa ɗumama shi da ɗan garwashi bayan 'yan kwanaki.

Da an gama, a rufe ƙofa da sama gaba ɗaya bayan an sauke kifi, ko a kwashe garwashin a sa a gwangwani mai murfi. Wutar za ta mutu, gawayin ya rage na gobe. Kifi kuma sai ya huce sarai kafin ya shiga kwali.

Maganar rai

Akwai abu biyu da suka fi riba muhimmanci. Na ɗaya, in hadari ya taso da dare, kada a ja duro ko kurfoti zuwa ɗaki ko zauren da ke rufe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko da babu hayaƙi tana nan. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai barci, kuma mutum kan tafi a cikin barcin. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ita ce wurin duro. Wanda ya fara jin haka a fitar da shi sarari nan take, a nufi asibiti. Yara, ku da ake sa ku gadin wuta, kun ji dai ko?

Na biyu, fiya-fiya. Mun san ana yayyafa wa busasshen kifi don korar ƙwari, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan sa maganin ƙwari a abinci. In muka duba, abin da ke kai mutum ga haka rashin busar da kifi ne da kyau: gawayi ya ƙare tsakar dare, an sauke shi da sauran danshi, ƙwari suka samu gida. Wadda wutarta ta kai asuba ba ta da buƙatar kwalba.

Abin da ake yi a wasu wurare

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Gana akwai wata unguwar masunta a birnin Akra mai suna Chorkor. A 1969 matan unguwar, tare da masu binciken abinci na ƙasarsu da hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fito da tanderun laka da ake jera raga a kansa bisa-bisa, wuta ɗaya ta yi wa kifi mai yawa aiki. Har yau sunan unguwar ake kiransa da shi. A Senegal kuma an fito da wani mai suna FTT-Thiaroye, wanda ke da farantin tare mai da wurin garwashi daban, don rage baƙin hayaƙin da masana suka ce yana ɗauke da abubuwan da ke iya jawo ciwon daji. A gida Nijeriya ma, cibiyar binciken kifi ta New Bussa kusa da Kainji da cibiyar adana amfanin gona ta Ilori sun ƙera nasu. In kun lura, duk dabara ɗaya ce: a tsare zafi, a takura iska, a hana mai taɓa wuta. Kafin mu kai ga sayen irin nasu, duronmu ma zai iya yin rabin aikin.

Kuma mu tuna daga ina gawayin ke zuwa. A ramin gargajiya, kafin a samu kilo 1 na gawayi sai an ƙone itace kilo 5 ko fiye. Cikin itatuwan da ake sarewa har da kaɗanya, wadda 'yan'uwanmu mata na ƙauye ke ci da ita. Duk buhun da muka sa ya yi aikin biyu, wata bishiya ce ta ƙara kwana.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, kowa ta samu ma'auni guda da ba ya canzawa, bokitin fenti ko mudu, da ɗan littafi. Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga inda biro zai biya kuɗinsa. Layi huɗu ne kawai: kifi nawa na ɗora, gawayi awo nawa na zuba, ƙarfe nawa na kunna, ƙarfe nawa na sauke. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a kan gawayi gara mudun. Yi banda biyar yadda kika saba, biyar da jerin da na faɗa, ki kwatanta da kanki. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata.

Na biyu, Hajiya Shugaba da Ma'aji, ina roƙon a duba yiwuwar mu haɗa kuɗi mu sari gawayi da rani, lokacin da yake a bushe kuma da sauƙi, mu ajiye kafin ruwa ya sauka hanyoyin daji su lalace ya yi tsada. In an samu rara, a saya mana sikeli ɗaya da ma'aunin zafi ɗaya, su riƙa zagayawa.

Na uku, magana a baki daban, gani da ido daban. Ranar da ba kasuwa, bayan la'asar, duk mai so ta zo da gawayinta awo ɗaya, mu jera tare, mu kunna tare, ta dawo da safe ta duba kwandon da idonta.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da sharrin wuta, ya maimaita mana.